Silin Wayar da Na Sa a Gurbin Fiyus

Ban taso da sanin mota ba. Mahaifina tela ne a Zariya, kuma abin hawan da ya wuce keke bai taɓa kwana a zaurenmu ba. Sai da na yi shekaru ina aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a Abuja, na yi aure har da 'ya'ya biyu, sannan na sayi wata tsohuwar tokumbo ruwan toka mai ƙofa huɗu. A Mpape muke zaune lokacin, can sama bayan kasuwa, inda haya take da sauƙi amma hanya ba ta da shi. Kullum da safe motar takan gangaro tana jijjiga a kan duwatsu, ina kauce wa tifofin da ke ɗauko tsakuwa daga wurin fasa dutse.

Wanda ya fara buɗe mini ido a kanta maƙwabcina ne, wani dattijo ɗan Gbagyi da ya yi ritaya daga tuƙin motar gwamnati. Wata safiya na murɗa makulli, motar ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Ina tsaye ina neman lambar makanike sai ga shi da butar ruwan zafi. Ya ɗaga bonet, ya nuna mini wani farin abu kamar gishiri da ya taru a kan batir, ya zuba ruwan a kai, ya goge, ya ɗaure da sifana. Ya ce batir ɗina bai mutu ba, datti ne ya kama shi. Na murɗa, motar ta tashi. Kunyar da na ji ranar ita ta sa na sayi sifana mai lamba goma, da filaya, da sukudireba, da gwangwanin giris.

Daga nan Asabar ɗina ta zama ta mota. In kwance kan batir, baƙin kan da farko sannan jan, in wanke, in shafa giris, in mayar. In duba ruwan batir in ƙara idan ya yi ƙasa. Dattijon ya nuna mini akwatin fiyus da ke ƙasa kusa da gwiwar direba, ya koya mini launinsu: ja mai goma, shuɗi mai sha biyar, ɗorawa mai ashirin, kore mai talatin. Ya ce aikin fiyus shi ne ya mutu don kada mota ta mutu, kuma idan ɗaya ya ƙone sau biyu a wuri guda to magana yake yi, a saurare shi. Na ji wannan da kunnena. Ina faɗa ne don kada a ɗauka rashin sani ne ya jawo abin da ya biyo baya.

Sannu a hankali na fara jin kaina. A ofis abokan aiki sukan kira ni idan mota ta ƙi tashi a wurin ajiye motoci, ni kuma in naɗe hannun riga ina bayani. Dattijon ya kwashe iyalinsa ya koma gona a Yangoji, na zama ba ni da mai duba mini aiki, kuma ban ga ina buƙata ba.

Da bazara ta shigo na'urar sanyaya motar ta mutu. Yara sukan jiƙe sharkaf a baya, musamman idan muka tsaya a ƙofar makaranta. Sai na sayo wata ƙaramar fanka ta mota na ɗaure ta a bayan kujerar gaba ta gefen fasinja. Na jawo mata wuta daga layin fitilar cikin mota, domin shi wannan layin yana da wuta ko an zare makulli, ina so fankar ta riƙa juyawa ko mota a kashe take. Na bi da wayar ta ƙarƙashin kafet, ta wuce gefen ƙarfen da kujerar ke zamewa a kai. Aikin ya yi kyau a ido. Har hoto na ɗauka.

Bayan mako biyu fiyus ɗin ya ƙone. Na sa wani jan, ya ƙone. Na sa shuɗi, ya yi kwanaki ya bi sahu. Na sa kore, shi ma bai kai wata ba. Ranar da koren ya mutu muna sauri, yara na kukan zafi, matata kuma da tsohon ciki tana jira a mota. Na yanko guntun waya, na fere, na murɗa silin jan ƙarfen a ƙafafun mataccen fiyus ɗin, na tura shi gurbinsa. Fanka ta tashi. Na ce a raina Asabar zan ɗaga kafet in bi wayar. Daren Juma'a naƙuda ta zo, Asabar ta same ni a asibiti, kuma daga nan ban sake tuna akwatin fiyus ba.

Mahaifiyar matata ta zo daga Funtuwa don wankan jego. Hajiya mace ce mai jiki, mai fama da ciwon gwiwa, ba ta da yawan magana. Tsakanina da ita akwai kunya irin ta da. Sunana ɗaya da marigayi mijinta, don haka ba ta taɓa kama shi ba, Malam take ce mini. Nakan durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta kaina a ƙasa, ita ma ta amsa tana kallon gefe. Kwana arba'in da 'yan kai da ta yi a gidanmu mai ɗaki biyu ban taɓa cin abinci a inda za ta gan ni ba. Shekara tara da aurena, da za a ce in kwatanta fuskarta dalla-dalla da sai na yi tunani.

Ranar komawarta na ɗauki izini a ofis don in kai ta tashar Zuba. Muka cika but da jakunkunanta, wata jakar kuma aka ajiye a kujerar baya kusa da ita. Ta zauna a bayan kujerar fasinja. Ganin yadda ta takure ƙafafunta, na zagaya na ja kujerar gaban har ƙarshe don ta samu ta miƙe. Na ji ƙarfen ya ɗan cije kafin ya zauna, na ƙara masa ƙarfi ya shiga. Na kunna mata fanka. Matata ta tsaya a ƙofar gida da jaririya a kafaɗa har muka sha kwana.

Tun daga Mpape har muka hau babban titin Kubwa magana biyu muka yi, ta hanya da ta zafin gari. Wajen ƙarfe sha ɗaya muka iso Zuba, muka tarar da cunkoso tun kafin kasuwar 'ya'yan itace. Motocin lemo da kankana sun cinye rabin titi suna sauke kaya. Na tsinci kaina a layin ciki: hagu da ni simintin da ya raba titi, dama da ni wata tankar mai, ta matso har ina iya karanta ƙananan rubutun da ke jikin tayarta. Gaba bas, baya bas. Warin fetur na shigowa ta taga.

Da na fara jin ƙauri na ɗauka birkin wata babbar mota ne, ko shara ake ƙonawa. Sai na lura ƙarar fanka ta ɗauke. Ina shirin waiwayawa sai Hajiya ta yi magana a hankali, kamar mai neman a ƙara mata ruwa.

"Malam, ku duba mini nan ƙasa. Tun ɗazu nake jin zafi a ƙafata."

Na juya. Hayaƙi ne baƙi siriri yake fitowa daga ƙarƙashin kujerar gaba, daidai inda ta miƙe ƙafafunta ta cire takalmi. Na kashe mota na zare makulli. Hayaƙin bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. A wannan daƙiƙar na tuna komai a jere: layin da ba ya mutuwa da makulli, wayar da ke gefen ƙarfen kujera, cijewar da na ji da safe, da silin jan ƙarfen da ba zai taɓa ƙonewa ya raba wutar ba. Batir na tura duk abin da ke cikinsa ta cikin wayar da na shimfiɗa da hannuna, a ƙarƙashin ƙafar surukata, a gefen tankar mai.

Abu biyu ne a gabana, fitar da ita da cire kan batir, kuma ban san wanda zai jira ɗan'uwansa ba. Na danna madannin buɗe ƙofofi, bai amsa ba. Na ce mata ta buɗe ta fita, ta ja hannun ƙofa, ƙofa ta ƙi. Ni na sa makullin yara a ƙofofin baya, ba sa buɗewa ta ciki. Ko da ta buɗu ma, ta gefenta tankar ta tokare, ɗan yatsa huɗu ne tsakani. Na miƙa hannu baya na zare sakatar ƙofar hagu, na fita, na buɗe ta waje, na fizge jakar da ke kan kujera na jefar a titi.

Hajiya ta yunƙura ta matso, gwiwar ta ƙi. Ta sake yunƙurawa tana salati ƙasa-ƙasa, tana tari. Na hango jan harshen wuta ƙarami ya leƙo daga kafet kusa da bakin zaninta. Na ce, "Hajiya, ku gafarce ni." Na shiga da rabin jikina, na sa hannuwana a ƙarƙashin hammatarta, na jawo ta a kan kujerar kamar yadda ake jan buhu. Mayafinta ya maƙale a wani wuri ya zame ya bar ta. Nauyinta ya rinjaye ni muka zube tare a jikin simintin. Na ɗaga ta na jinginar, ƙafarta ba takalmi a kan kwalta mai zafi.

Kafin nan mutane sun ga hayaƙi. Wani ya ambaci wuta, wani ya ambaci tanka, sai wurin ya hargitse. Fasinjojin bas ɗin gabana suna fita ta taga. Masu talla sun watsar da faranti. 'Yan acaɓa na hawa kan simintin da baburansu. Wata mata ta wuce ni da gudu da yaro a kowane hannu, takalminta ɗaya. Cikin ɗan lokaci motocin da ke kewaye da mu suka zama babu kowa a ciki, kuma babu wadda za ta matsa.

Na koma ƙofar direba. Cikin motar ya cika da hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. Na riƙe numfashi na durƙusa na laluba mariƙin bonet na ja, na zaro sifana daga aljihun ƙofa. Na ɗaga bonet. Na sa sifanar a kan notin baƙin kan batir ta zame, na sake sawa ta kuɓuce ta faɗa ta cikin injin, na ji ƙararta a kan kwalta. Na kwanta rubda ciki na miƙa hannu ƙarƙashin motar. Daga nan ƙasa ina ganin tayoyin tankar, ina ganin wani abu yana ɗiga daga bututun da ke cikinta, ɗis, ɗis. Har yau ban sani ba ko mai ne ko ruwa. Yatsuna suka taɓa sifanar na jawo ta.

Notin baƙin kan bai yi gardama ba, da yake a wanke yake da giris. Murɗa biyu ya saki. Na kama kan na girgiza na fizge, ya yi tartsatsi, na ture shi gefe. Wutar batir ta yanke, amma kafet da soson kujera sun riga sun kama, su ba ruwansu da batir. Na buɗe but na dinga watso jakunkunan Hajiya har na kai ga ɗan abin kashe gobarata, wanda tun da na saya ban taɓa dubawa ba, ina ajiye da shi ne don jami'an hanya. Na zare fil na matsa. Ya yi huci sau ɗaya ya yi shiru.

Ina tsaye da shi a hannu sai na ji an bangaje ni. Direban tankar ne, wani dattijo siriri mai furfura a gemu, rungume da babban abin kashe gobara ja. Ya sauko ta ɗaya gefen, ya zagayo ta bayan motata, alhali yana da sararin da zai gudu kamar kowa. Ya cusa kansa ta ƙofar baya ya saki farin gari a ƙarƙashin kujerar, ya ja baya ya yi tari, ya sake komawa. Sau uku yana yi. Hayaƙin ya koma fari, sannan ya yi sanyi. Ya sa hannu ya yaye kafet ɗin ya duba, ya ƙara fesawa, ya ajiye tulun a ƙasa.

Ya zauna a kan simintin. Da ya samu numfashi ya tambaye ni ko na san abin da yake ɗauke da shi. Na ce na sani. Ya daɗe yana kallona, ya ce in je in duba tsohuwata, ya tashi ya koma motarsa. Ban tambayi sunansa ba, ban ma yi masa godiyar kirki ba.

Mutane suka fara dawowa, masu Allah ya kyauta da masu zagi. Da layi ya motsa wasu 'yan kasuwa suka taya ni tura motar zuwa gefen titi. Wata mai sayar da abarba ta riga ta kama Hajiya ta tsallakar da ita, ta zaunar da ita a bencinta, ta ba ta silifas da ɗankwali ta yafa. Na tsince jakunkuna na tara a gabanta. A idon sawunta na dama fata ta tashi, ƙuna kamar faɗin tafin jariri. Ta ce ba komai, ta ja zani ta rufe.

Aka kira wani mai gyaran wayar mota daga cikin tasha, Bayarabe mai ƙiba da abin gwajin wuta a aljihu. Ya bi ƙonanniyar wayar da yatsa tun daga ƙarƙashin kujera, ya nuna inda ƙarfe ya datse ta, ya bi ta har akwatin fiyus. Ya sa filaya ya zaro koren fiyus ɗin da silin waya murɗe a ƙafafunsa, ya yi baƙi. Ya ɗaga shi sama yadda duk wanda ke wurin zai gani.

"Oga, wane ne ya yi maka wannan aiki? Wannan mutum tana so ya kashe ka."

Ƙarya tana nan a bakina a shirye. In ce wani mai gyara ne a Mpape, kowa ya tsine masa, a wuce wurin. Babu mai bincike. Hajiya na zaune taku uku daga inda nake, kofin ruwa a hannunta.

Na ce, "Ni ne."

Ya fara dariya yana zaton wasa nake, da ya ga fuskata ya daina. Ya jefa fiyus ɗin a tafin hannuna ya koma cikin motar. Na ɗaga kai, sai muka haɗa ido da Hajiya. Ba ta kawar da kai ba, ni ma na kasa. Babu faɗa a idon, da akwai da ya fi mini sauƙi.

Na kai ta wani kemis aka wanke ƙunar aka naɗe. Na roƙe ta mu koma gida ta huta kwana biyu, ta ce a'a, an san da zuwanta yau. Na samar mata kujerar gaba a motar Funtuwa, na sa aka ɗaure kayanta. Na durƙusa a gefen taga ina ba ta haƙuri, kalmomin suna fita a hargitse. Ta bari na gama. Ta ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma Allah ya tsare, sai godiya. Sannan ta ƙara.

"Ni ba zan faɗa mata ba. Amma ku faɗa mata da bakinku, yau."

Na bar motata a wurin mai gyara na hau bas. La'asar ta yi lokacin da na hau tudun gidanmu a ƙafa, rigata fari-fari da garin kashe gobara, gwiwar wandona a yage. Matata na tsakar gida tana shanya kayan jaririya. Ta dube ni, ta dubi bayana inda mota ya kamata ta kasance, ta tambayi mahaifiyarta. Na ce tana lafiya, tana hanya, ta kira ta ta ji. Sai da ta kira ta ji muryarta sannan ta zauna a bakin baranda, na faɗa mata duka, har silin wayar.

Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni tun yaushe wayar take ciki. Na ce tun kafin ta haihu. Na ga tana lissafi a fuskarta. Ta ce ke nan a haka na kai ta asibiti, a haka na dawo da su da jaririya, a haka nake kai yara makaranta kullum da ƙofofi a kulle ta baya. Na ce haka ne. Ta tashi ta ci gaba da shanya.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi nauyi. Tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwa, iyakarta ke nan. Ni kuma ko a ofis na ji ƙaurin wani abu sai gabana ya faɗi. Bayan kwana goma na karɓo motar, an sake wayoyin layin, an yanke ƙonannen kafet an bar ƙarfe a fili, fanka kuma na bar wa mai gyaran. Matata ta ce yaranta ba za su shiga ba. Wata guda ina tafiya ofis ni kaɗai a mota, ita tana tare musu Keke Napep a bakin hanya.

Wata Asabar ina tsugune a gaban motar, na buɗe bonet na kasa taɓa komai, sai ga ta ta fito da goyo. Ta ce in nuna mata yadda ake cire kan batir. Na nuna mata baƙin, na ba ta sifana. Ta kwance ta mayar, ta sake kwancewa, har sau huɗu, sai da ta iya ba tare da ta dube ni ba. Ta sa na nuna mata makullin yara na cire shi a gabanta. Sannan ta ce saura akwatin fiyus.

Ta durƙusa a ƙofar direba da goyon nata, na riƙe mata murfin akwatin mai zanen lambobi. Tana zaro su ɗaya-ɗaya da filaya, tana ɗagawa a rana, tana karanta lambar, ni ina duba abin da aka rubuta a murfi ina amsawa. A layi na biyu ta zaro ɗorawa mai ashirin daga gurbin hon. Murfi ya ce sha biyar. Ta tambaye ni ko ni na sa. Na ce wallahi ban tuna ba, yana yiwuwa da shi na sayi motar, yana yiwuwa ni ne. Ba ta mayar da shi ba. Ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta ce in sauka kasuwa in sayo shuɗi, za ta jira ni a nan kafin mu ci gaba da sauran.